An Hana Tafi a Aji Ɗaya

A danginmu kaf babu mai murya irin ta 'yar gwaggonmu, wadda muke kira Lasifika. An ce ranar da aka haife ta sai da ungozoma ta yi jinyar kunne. Da ta girma ta zama malamar aji ɗaya, muka yi wa kunnuwan 'ya'yan mutane ta'aziyya.

Ita duk koyarwarta a kan tafi take. Yaro ya ba da amsa daidai, "A tafa masa!" Ya zo da wuri, a tafa masa. Ya share majina da kansa, a tafa masa har da buga tebur. A ganinta da tafi ake sa yaro ya san shi ma wani ne, kuma shekara da shekaru abin yana yi mata aiki.

Sai aka kawo mata autar wani tela. Yarinyar tana da galahanga: ba ta haɗa ido da kowa, magana sai ta ga dama, fensiranta kuwa a jere suke daga dogo zuwa gajere, wanda ya taɓa ya jawo wa kansa. Uwar ta ce, "Malama, a gida har rubutun kwalin sabulu karantawa take. Amma ita gani take ba ta iya komai ba."

"Ki bar ni da ita," in ji Lasifika. "Kafin hutu sai kin roƙe ta ta yi shiru."

Ranar farko Auta ta rubuta lissafi daidai a allo. Lasifika ta kurma ihu, "A tafa mata! Da ƙarfi!" Aji ya ɗauka kamar rufin zai tashi. Auta ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin tebur. Malama ta ce kunya ce, maganinta ƙarin tafi. Ta kuwa ƙara.

Daga nan Auta ta daina iya komai. Biyu da biyu, ta rubuta tara. Harafin da ta sani jiya, yau ta juya shi ya kalli bango. Hedimasta ya kira Lasifika ofis, ya ce in aka yi jarrabawa a haka, yarinyar za ta koma ajin raino, cikin masu jiƙa wando.

Lasifika ta dawo gida tana huci. "Na yi tafi har hannuna ya yi kanta! Me kuma ake so in yi, in hayo mata makaɗa?"

Mijinta ya ce a hankali, "Ko dai za ki ɗan rage murya?"

"Wace murya?" ta tambaya, har kajin maƙwabta suka watse.

Wata rana ana gwaji ta tsaya a bayan Auta. Ta ga yarinyar ta rubuta amsa daidai, tsaf. Sai Auta ta ɗago ta dubi hannayen 'yan aji, ta sa abin gogewa ta goge, ta rubuta shirme. Ashe tafin take gudu.

Washegari Lasifika ta kafa doka: in Auta ta iya, babu tafi.

"Malama, ko da yatsa biyu?"

"Ko da gashin ido! Kowa ya zauna a kan hannunsa."

Wani mai ƙaton kai ya manta ya tafa. Ta daka masa tsawa, "Na ce shiru!" Auta ta koma ƙarƙashin tebur. Lasifika ta dafe kai. Haka ta koma koyon raɗa da girmanta, tana yi tana shaƙewa kamar mai haɗiyar ƙashi.

An daɗe kafin Auta ta yarda ta sake zuwa allo. Ta rubuta amsa, ta ɗage kafaɗu har kunne tana jiran tashin duniya. Aji ya yi tsit, kowa na zaune a kan hannunsa. Lasifika, jijiyar wuya a miƙe, ta raɗa, "Daidai ne, Auta."

Kafaɗun suka sauka. Maimakon ta koma wurinta, sai ta yi lissafi na gaba. Ta yi na bayansa.

Ba a mayar da ita ajin raino ba. Yanzu kukan Lasifika ya sauya.

"Ta ƙi ba kowa alli! In na ce ta zauna, sai ta ce, 'Ban gama ba.' Ni da ajina, sai na jira!"