Idanun da Baba Bafaranshe Ya Nema

Wata Asabar ce a watan Yulin 2020. Ruwan yamma irin na Kuala Lumpur yana zuba kamar da bakin ƙwarya, mu kuma muna tsaye a ƙasan dogon benenmu da ke Titiwangsa, wurin da ake ajiye motoci. Baba Bafaranshe ya zana wa kowane yaro da'irarsa da alli, nesa da ta ɗan'uwansa yadda dokar annoba ta ce. Ina cikin tawa, hijabi har gwiwa, takunkumi ya rufe mini hanci da baki. Na karanto maganata ta wasan kwaikwayo tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya, ina jiran yabo. Sai na ji ya buga sandarsa a siminti, ya ce da Turancinsa mai fita ta hanci, "Safiyya, dube ni! Ina idonki?" Idona yana kan takalminsa. Na fata ne, ruwan ƙasa, igiyar ƙafar hagu ta tsinke ya maye ta da wani koren zare. Shekarata goma sha biyu a lokacin, kuma har yau na fi tuna takalmin nan fiye da fuskarsa.

Mu yaran bene muka sa masa wannan suna. Dattijo ne dogo, ɗan wasan kwaikwayo daga Faransa, ya zo Malesiya don ya shirya wasa a wani zaure na birnin, sai aka rufe zauren, aka rufe iyakoki, ya maƙale a hawan da ke saman namu. Watannin kulle na farko ta baranda na san shi. Duk sanda Umma ta tura ni shanya ko tsince shinkafa, sai in ji shi a sama yana faɗa da mutanen da babu su, ya yi dariya, ya yi kuka, ya tsaya ya sake daga farko. Umma ta ɗauka kaɗaici ne ya taɓa masa kai, ta fara aika masa da masa da miyar taushe. Daga baya Abba, wanda ke karatun digirinsa na uku a lokacin, ya binciko mana labarinsa. Ashe tun yana saurayi ya fara da ɗaukar kujeru a wani ƙaramin gidan wasa na garinsu, ya hau dandali ya daɗe yana yawo gari gari, ya shiga fim ya fito a soja da likita da ɓarawo, sannan da furfura ta zo ya koma bayan kyamara yana ba da umarni.

Da aka sassauta doka, ya ga yadda muke zaman banza, mun gaji da karatu ta waya da ƴar gala-gala a lungun lif, sai ya nemi izinin iyayenmu ya haɗa mu wasa. Labarin gajere ne: wata yarinya ta zo ta gaya wa mai gari cewa kogi ya cika yana tahowa, shi kuma ya ƙi yarda. Shi ne mai garin. Yaran Malay da na Indiya da mu ƴan Najeriya su ne mutanen kasuwa. Ni ya zaɓa in zama yarinyar, wai don ya lura ba abin da ke wuce ni. A makaranta ban taɓa ɗaga hannu ba, malamai kan manta ina ajin. Wannan ne karo na farko da aka ce in tsaya a tsakiya in yi magana mutane su saurara, kuma ina son abin har cikin raina, ko da yake ban gaya wa kowa ba.

Matsalar ɗaya ce. Takunkumi ya cinye rabin fuska, ido kaɗai ya rage, ni kuwa an raine ni a kan cewa yaro ba ya zuba wa babba ido. Da na ɗago kai na hango farin gashinsa, sai wuyana ya sunkuya da kansa. Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na gwada da madubin banɗaki, na gwada da kyanwar mai gadi. Da aka aike ni kedai ɗin mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi, in yi tapau ɗin roti, in sayo gurasar in kawo gida, na ƙudura sai na kalli mai shagon, amma na ƙare ina kallon hannunsa yana murza ƙulli. Wata rana na yi ta maza na ƙura wa Abba ido yana shan shayi, kafin ya lura Umma ta harare ni daga ƙofar kicin. "Ke, lafiyarki? Wa kike kallo haka kamar sa'arki?" A gida ana faɗa don na ɗaga ido, a wurin gwaji ana faɗa don na sunkuyar. Kuma ban iya buɗe baki in yi wa dattijon bayani ba, domin a ganina gyara wa babba fahimta wani rashin kunyar ne.

A gwaji na gaba ya gaji. Ya ce dandali ba wurin matsorata ba ne, ya ba Rifkatu matsayina, ni ya mai da ni cikin masu sayar da kayan miya. Rifkatu ƙawata ce, ƴar Jos, iyayenta suna hawa na biyu, kuma ita ko shugaban ƙasa za ta kalla ido cikin ido. A matakala ta dafa kafaɗata tana dariya. "Haba Hajiya Kunya, kallo ne fa kawai, ba cizo zai yi ba lah! Ko sai na ara miki nawa idon?" Na fizge kafaɗata. Abin da ya fi ƙona mini rai, tana tsallake jimloli, tana sa kogin a gabas alhali a yamma yake, shi kuwa yana ta gyaɗa kai saboda tana kallonsa. Ina tsugune gaban tumatir na roba, ina maimaita kowace kalma a cikin takunkumi. Kalmar matsoraciya ta ƙi fita daga raina. Ni na san ba tsoronsa nake ji ba.

Kwanon masa ne ya warware abin. Wata rana dattijon ya sauko da kansa ya dawo da shi, ya tsaya daga bakin ƙofa suna gaisawa da Abba. Daidai lokacin Abba ya ce zai fita kasuwar titin Jalan Masjid India, ni kuma na durƙusa na ajiye masa ruwa, idona a ƙasa, na ce ba zai fita da takunkumin jiya ba, sai ya sa sabo. Abba ya ce ai wannan ma bai yi komai ba. Na sake faɗa, ban ɗaga murya ba, ban ɗaga kai ba, ban kuma matsa daga hanya ba, har ya yi dariya ya karɓi sabon. Baba Bafaranshe ya dube mu, sannan ya tambayi Abba ko haka nake yi wa kowa. Abba ya ce, "Manya kaɗai. Girmama ka take yi." Na ga koren zaren nan na takalminsa ya matsa baya kaɗan. Dattijon ya ce duk tsawon rayuwarsa yana koyar da kallo, bai taɓa tambayar mai sunkuyar da kai dalilinsa ba.

Washegari ya sauko da kwamfutarsa ya nuna mana wani tsohon fim ɗinsa marar launi. Saurayi ne a ciki, siriri, an kawo masa labarin mutuwa, kuma tun daga farkon fitowar har ƙarshenta bayansa kaɗai ake gani. Ya ce daraktan ya yi ta masa tsawa ya juyo, ya ƙi, kuma wannan fitowar ce mutane suka fi tuna shi da ita. Sai ya mayar mini da matsayina, ya sauya wasan. Yarinyar ba za ta kalli mai gari ba. Ƙasa za ta kalla, inda ruwan zai ɓullo, ta yi ta magana a hankali har mutanen kasuwa su bi idonta ɗaya bayan ɗaya, mai gari ya zama na ƙarshe. Ranar da muka gwada, wata yarinya ƴar Indiya ta ɗage ƙafa ba ta sani ba, kamar ruwan ya taɓa ta da gaske. Rifkatu, da ta koma matar mai gari, ta ce, "To Hajiya Kunya, kin ci. Amma ni na fi ki kaya masu kyau."

Aka sa ranar wasa a watan Oktoba. Umma ta ɗinka mini zane, iyaye suka yi alkawarin sauko da kujeru. Ana saura ƴan kwanaki cutar ta sake tashi, aka dawo da doka, masu kula da bene suka kewaye wurinmu da jan kirtani. Na yi kuka a banɗaki na buɗe famfo don kada a ji. Muka ce wata mai zuwa, wata ya zo ya wuce. Kafin a sake buɗewa Baba Bafaranshe ya sami jirgin komawa gida. Daga baranda na ga an sa akwatinsa a tasi, ya ɗago kai yana neman tagarmu, na kuwa dube shi sosai, amma tsakaninmu hawa ne da yawa, ban san ko ya gani ba. Da'irata ta alli ta daɗe a ƙasa, tayoyin mota suna goge ta kaɗan kaɗan.

Yanzu ina jami'a, ina tsayawa gaban aji in yi bayani, in kalli malami in kalli ɗalibai, ba mai cewa komai. Fuskoki duk a buɗe suke, amma ba wanda ya damu da inda wani yake kallo. Na nemi finafinansa na kalla, na san fuskarsa ta samartaka fiye da wadda ta zauna a samanmu. Maganar yarinyar nan tana nan a kaina, ba kalmar da ta ɓace, kuma in ruwan yamma ya sauko nakan tsinci kaina ina kallon ƙasa. Har yau ban gaya wa mutanen garin nan cewa kogi yana zuwa ba.