Falmaran Mai Aljihu Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buɗe jakunkunan matafiya a filin jirgin sama, kuma ba ta taɓa tambayar kowa abin da ya ɗauko ba. A ganinta baki na cin abinci ne da shara ƙarya, jaka ce kaɗai ke faɗin gaskiya. Idan matafiyi ya fara rantse-rantse, sai ta sa safar hannu, ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa biyu, ta ce masa ya buɗe su gani. Daga nan sunan ya bi ta. Abokan aiki, masu shara, har jikokin maƙwabta, kowa Buɗe-mu-gani yake ce mata, a bayan idonta dai.

Kuma gaskiya ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ya shaida. Ta ga zinariya a cikin sabulu, ta ga ƙwaya a dunduniyar takalmi. Amma abin da bai taɓa barin ranta ba shi ne wani dattijo mai fara'a da ta tsare a shekararta ta tara. Tafiyarsa ce ba ta yi mata ba, yana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a faranti. Da aka cire masa kwat sai ga falmaran a ciki, an jera masa ƙananan aljihuna, kowanne da ƙwan tsuntsu a naɗe cikin auduga. Dattijon ya yi ta kuka yana cewa wani ne ya ba shi saƙo. Ta yarda da shi ma, amma hakan bai hana a ɗaure shi ba, a gidan yari ya ƙarasa rayuwarsa.

Hali zanen dutse. Ta yi ritaya, aikin bai yi ritaya daga jikinta ba. Ledar cefane sai ta zazzage ta a kan tebur, kyautar da 'ya'yanta suka aiko sai ta latsa ta kusurwa huɗu kafin ta yi godiya. Marigayi mijinta ya kan ce ita kaɗai ce matar da ke caje aljihun miji ba don kishi ba, don dai kada hannu ya manta. Bayan rasuwarsa ta koma tsohon gidan iyayensu, inda yayanta ke zaune shi kaɗai. Shi yana kiranta Auta, ita tana kiransa Yaya, suna raba kicin ɗaya da rediyo ɗaya, suna faɗa a kan wanda ya bar famfo yana ɗiga.

Yaya ma a filin jirgin ya ci ƙuruciyarsa, sai dai shi a waje, cikin rana. Aikinsa korar tsuntsaye daga titin da jirage ke sauka, don kada injin ya zuƙe su a yi asarar rayuka. Filin yana kusa da teku, tsuntsayen ruwa kuwa ba su san doka ba. Yana da tsohuwar mota da lasifika a kanta, da bindiga mai ƙara kawai, da wata kuma wadda ba ƙara kawai take yi ba, don masu taurin kai. Mutum ne marar yawan magana. Tarkacensa duka bai wuce gwangwanin shayi ɗaya da ke kan kabad ba, wanda Auta ta buɗe tun makon da ta dawo, ta ga wasu 'yan ƙarafa kamar na gyaran keke, ta mayar ta rufe. Abin da doka ba ta hana ba, idonta ba ya tsayawa a kansa.

To, wannan bawan Allah ne, yana da shekara sittin da tara da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya wayi gari ya manna taswira a bangon falo. Kusan duk shuɗi ce, sai wasu ɗigo uku can a tsakiya da ya zagaye da jan biro. Ya ce tsibirai ne, babu kowa a kansu sai tsuntsaye, kuma can za shi ya kalle su.

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce mutumin da ya shekara talatin yana harbin tsuntsu shi ne yau zai ƙetare teku ya gaishe su, ai ko su sai sun yi mamaki. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ya dubi saman kabad, sai ya fasa. Tun daga ranar bai ƙara kawo mata zancen ba, shirinsa kawai yake yi.

Shirin ne ya fara hana ta sakewa. Jirgin sama biyu zai hau, sannan ƙaramin jirgin ruwa na kwana uku, wanda sau ɗaya tak yake zuwa a shekara. Ya sayi madubin hangen nesa, ya yi alluran da aka ce ya yi, kullum da safe yana hawa matakalar bene yana sauka don gwiwa ta saba. Akwai kuma wani mutum da yake kira Jagora, wanda ba ta taɓa gani ba, sai dai muryarsa a waya, mai taushi da yawan ladabi. Ita kuwa tun tana aiki ba ta yarda da mai yawan ladabi ba. Ta lura duk lokacin da Jagora ya kira, Yaya sai ya fita baranda ya jawo ƙofa. Ta leƙa takardun da ke kan tebur, ta ga ba a ɗaukar wanda ya cika saba'in, wato bana ce damarsa ta ƙarshe. Ta kuma ga an rubuta cewa an zaɓi watan tafiyar ne don lokacin tsuntsayen ke kwanci a kan ƙwai. Nan ta ajiye takardar a hankali. Ruwa ba ya tsami banza.

Saura kwana goma ta bi ta shagon telan unguwa karɓar labule. Tela mutum ne da ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, ya tare ta da labarin irin wahalar da yayanta ya ba shi. Wai falmaran ya sa a ɗinka masa, mai ƙananan aljihuna goma sha bakwai daga ciki, kowanne a shimfiɗa masa auduga, kowanne da maɓallinsa. Sau biyu yana dawo da shi a ƙara audugar. Tela yana dariya, ita kuwa ta karɓi labulenta ta fito.

Da Yaya ya fita motsa gwiwarsa, ta shiga ɗakinsa ta buɗe jakar. Ga falmaran nan a ƙasa, ƙarƙashin rigar ruwa. Ta zura yatsa a aljihu ɗaya, ta ji laushin audugar, ta auna faɗinsa da ido. Ƙwai ɗaya zai zauna daram. Duka goma sha bakwai ɗin babu komai a ciki, kuma wannan ne ya fi tsorata ta, don ta san irin kayan da ke tafiya wayam su dawo a cike. Biri ya yi kama da mutum. Ta zauna a bakin gadonsa, fuskar dattijon nan mai fara'a ta dawo mata, ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba a bakin aiki. Ba ta zargi Yaya da mugunta ba, ta san ba zai iya ba. Ta dai tabbata mai taushin muryar nan ya samu tsoho marar wayo zai ɗora masa kaya.

Mai karatu zai ce, to ta tambaye shi mana, ai ga shi nan a falo yana shan shayi. Ni ma haka na ce. Amma wadda ta shekara talatin da ɗaya ba ta tambayi baƙo ba, ba a kan ɗan'uwanta za ta koya ba. A lissafinta, in ta tambaya zai musa, ko ya gaya wa Jagora su sake dabara. Sai ta yi ta kewaye-kewaye. Ta ba shi labarin dattijon a kan abinci, ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da taunarsa. Ta ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba, ya ce za ta kai. Ta ɓoye masa takardar allura, ya je asibiti aka ba shi wata.

Saura kwana biyu ta yanke shawara. In aka tsare shi a dawowa da ƙwai a jiki, gidan yari ne. In aka tsare shi a tafiya da aljihu wayam, babu laifin da za a kama shi da shi, jirgi ne kawai zai tashi ya bar shi, jirgin ruwa ya bi baya, baɗi kuma ya cika saba'in, magana ta ƙare. Rigakafi ya fi magani. Ta kira Doguwa, wadda ita ta koya wa aiki da hannunta, yanzu kuma ita ce shugabar masu bincike. Ta ba ta sunan matafiyi da lambar jirgi, ta ce a duba abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Doguwa ta ce, “Mama, wannan ai Baba ne, yayanki.” Ta amsa mata da cewa ita ba ta koya mata sanin fuska ba.

Ranar tafiya ta raka shi, har da riƙe masa ƙaramar jaka. Yana ta murmushi shi kaɗai, ya yi aski, ya goge takalmi. Ta tsaya bayan gilashi tana kallo aka ja shi gefe, aka wuce da shi ɗakin baya. Ba a jima ba Doguwa ta leƙo ta yafito ta, fuskarta ba daɗi.

Ɗakin bai sauya ba, tebur ɗin ƙarfe ne da kujera biyu da agogon bango. Yaya na tsaye da singileti, falmaran na shimfiɗe a kan tebur, an ɓalle maɓallan duka. A gaban kowane aljihu an ajiye ƙaramin zoben ƙarfe, da lamba a jikinsa. Ta gane su nan take. 'Yan ƙarafan gwangwanin shayi ne.

Doguwa ce ta tambaye shi, shi kuma ita ya yi wa bayani, bai dubi ƙanwarsa ba. Ya ce masu nazarin tsuntsaye ne ke sa wa 'yan tsaki waɗannan zobba a ƙafa, don a san inda suke zuwa. A cikin dubban matattun tsuntsayen da ya kwashe daga titin jirgi, goma sha bakwai ya samu da zobe, kuma goma sha ɗaya daga cikinsu shi ya harbe su da hannunsa. Ya rubuta wasiƙa zuwa adireshin da ke jiki, aka gaya masa tsibiran da aka ƙyanƙyashe su. Ya ce aikinsa ya yi, ba ya nadamar jiragen da suka sauka lafiya, amma abin ya daɗe yana tsaye masa a rai, yana so ya mayar da kowane zobe inda ya fito. Jagora ma ya nemo masa izini, ga takardar nan a aljihun wando.

Doguwa ta tambayi dalilin audugar.

“Ƙarfe in ya taɓa ƙarfe, ko yaya ne, tsuntsayen tashi suke yi,” in ji shi. “Na kore su iya kora. Wannan karon so nake in iso su zauna.”

Auta ta dubi agogo, saura minti arba'in a rufe ƙofar jirgi. Ta ce wa Doguwa kuskure ne, ta sake shi, ita za ta ɗauki laifin. Doguwa ta sunkuyar da kai ta tuna mata cewa duk wanda ya shiga ɗakin nan da zargin namun daji, babu mai sakinsa, ko shugaba ko ɗan'uwa, sai jami'in kula da namun daji ya zo ya sa hannu. Auta ba ta buƙatar tuni. Ita ta yi ta kai ƙorafi har aka kafa dokar, a shekarar dattijo mai fara'a, kuma ta yi alfahari da ita.

Jami'in ya iso bayan awa biyu, ya juya zobe ɗaya a tafin hannunsa, ya karanta takardar izini, ya sa hannu, har ya ba da haƙuri. Ta tagar ɗakin ana hango titin jirgi, babu komai a kansa sai wata mota mai lasifika tana zagaye. Yaya ya mayar da zobban ɗaya bayan ɗaya, kowanne a aljihunsa, ya ɓalla maɓallan a nitse. Jirgi na gaba sai jibi, jirgin ruwa kuwa gobe da rana zai tashi.

Suka shiga mota. Sai da suka kusa gida ya ce, yana kallon waje, tun ranar da ta buɗe jakarsa ya sani, don ita kaɗai ke naɗe rigar ruwa hannu a ciki. Ya yi ta jira ta tambaye shi.

Washegari da safe ta fito ta tarar ya cire taswirar, sai alamar gam huɗu a bango. Bai hau matakala ba. Yana zaune da shayinsa, falmaran na rataye a bayan kujera. Ta zauna kusa da shi, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Maganar ta yi mata nauyi a baki, don ba ta saba ba.

“Yaya,” ta ce, “na aljihun farko, wane irin tsuntsu ne?”

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin. Ya miƙa hannu baya ya ciro falmaran, ya shimfiɗa shi a kan tebur a gabanta, ya ƙwanƙwasa da yatsa biyu.

“Buɗe ki gani, Auta,” ya ce. Ya tashi a hankali, gwiwar na ƙara, ya shiga ɗakinsa ya jawo ƙofa.