Kaka da Fim ɗin Masu Kwat

Tarihin silima a Kafanchan ba zai cika ba sai an sa sunan kakata, wadda ta yi shekara da shekaru tana sayar da dafaffiyar gyaɗa a jikin katangar gidan silima. Gidan ba shi da rufi, saboda haka duk harbin da aka yi a ciki a kunnenta yake sauka. Da kunne ta kasa fina-finan duniya gida huɗu: na Indiya, inda ake kuka da waƙa, na Chana, inda ake kashe malamin mutum tun 'yan kallo ba su gama zama ba, na kaboyi, doki da bindiga, sai na masu kwat, da ke magana ƙasa-ƙasa kafin a ji an buga ƙofar mota. Ran da ba ta fita ba, mukan kewaye murhu bayan tuwo ta ba mu su kamar tatsuniya.

Ina aji huɗu zaman ya daina daɗi. Yayana Bulus ya shiga cikin wasu samari da ke sauke buhuna daga jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya idan ya rage gudu a bayan gari, wani mai shago yana saye. Kowa a gida ya sani, ba mai faɗa. Jirgin yakan wuce wajen ƙarfe takwas. Tun bakwai Bulus zai fara ɗaura takalmi yana kwancewa, Mama tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Rannan Kaka ta ɗauko na masu kwat. Wai wani bos ne, ubangidan ɓarayi, wanda bai taɓa ɗora kaya a kansa ba. Yaransa su sato, shi ya ci nama. Da 'yan sanda suka matso, ya nuna ƙaramin cikinsu.

"Sai bos ya hau raƙuminsa..."

Bulus ya katse ta. "Wane raƙumi, Kaka? Mota ce! Sau uku na kalli fim ɗin nan!"

"To, maigida, ni na je makaranta ne? Sai akta ya tashi ya yi waƙa."

"Ba a waƙa a wannan! Kin haɗa da Indiya!"

"Zauna ka gyara mini mana. Ina za ka da takalmi, coci?"

Ya zauna a kan turmi, ƙafa ɗaya na rawa. Duk inda ya gyara, ta ɓata gaba. Ta yi wa bos aure, ta ta da matacce, ta kawo ɗan Chana ya rama wa malaminsa. Jirgi ya busa daga nesa, Bulus ya miƙe. Kaka ta ce ai ƙaramin yaron nan ne ya gaji motar a ƙarshe.

Ya juyo a fusace. "Kashe shi aka yi! Nasu ne suka kashe shi!"

"Au," in ji Kaka, ta tura itace cikin wuta. Bulus bai bar bakin murhun ba har ƙarar jirgin ta ɓace. A makon aka kama uku cikin abokansa.

Na yi shekaru ina koyarwa, ina ba ɗalibai wannan a matsayin hujjar cewa labari yana ceton rai, kuma gwani shi ne wanda ya sa mai sauraro ya faɗi darasin da bakinsa. Bara na maimaita wa Bulus a Madakiya, yana shanya citta. Ya ce tun Litinin ɗin makon samarin suka kore shi, wai ba ya iya ɗaga buhun gishiri. A wancan daren ma, silima ya yi niyyar zuwa.