Firijin Gwaggo da Katin Shiga Tasha

Ban rubuta komai ba a lokacin, saboda haka wataƙila na haɗa ranaku biyu wuri ɗaya, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba.

Shekarar da na gama jami'a, wani kamfanin jigilar kaya ya ɗauke ni aikin duba takardu a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Sharaɗi ɗaya ya rage, katin shiga, wanda ba a bayarwa sai an binciki mutum. A takardar binciken an tambaya ko ana bina bashi. Na rubuta babu, kuma har ga Allah haka na ɗauka.

Na manta da firijin Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, a unguwar Hindawiyya take sayar da zoɓo da kunun aya, kuma a ɗakinta na ci abinci duk shekarun karatuna. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare a lokacin, sai aka sayi firijin da tawa, biya wata-wata, ita ke kai kuɗin. A wurinmu babba ba ya neman aron sunanka ka tsaya tambaya.

Jami'in binciken da ya kira ni dattijo ne, bai ɗaga murya ba. Ya juyo mini da kwamfutarsa: wata uku ba a biya ba.

"Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ya waladi," in ji shi, wato ɗana. "Amma ka ce babu, ga shi akwai. Kuma mai firijin nan, in ta ce ka shigar mata da wani ta ƙofar da ke hannunka, za ka iya ce mata a'a?"

Na yi shiru. Ina jin shirun bai daɗe ba, amma na ga ya rubuta wani abu.

Da la'asar na je wurin Gwaggo. Ashe ciwon ƙafa ne ya kwantar da ita, ta ji nauyin gaya mini. Na faɗa mata abin da jami'in ya ce.

"Ni? Me zan yi da ƙofar tasha, jirgi zan sata?" Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. "Shi ke nan, gobe a sayar da firijin."

"A'a, Gwaggo."

"Ji ɗan nan! Ashe bakinka ya iya."

Ban taɓa faɗa mata haka ba sai ranar. Firijin ya zauna. Na biya da abin da nake samu a fassarar takardu a unguwar Bagdadiyya, na kai shaidar biya. Katin ya fito bayan watanni, lokacin kamfanin ya riga ya ɗauki wani.

Ba na jin jami'in ya zalunce ni, ko da yake har yau ban san me ya fi nauyi a wurinsa ba, bashin ko shirun.

Waɗanda muka zauna tare a gidan Hindawiyya, in kun tuna lamarin daban, don Allah ku aiko mini in gyara. Gwaggo dai ta rantse wata biyu ne, ba uku ba.