Ranar da Haƙoran Inna Suka Yi Fari

Duk bikin da aka yi a Tambuwal ba a ga Innarmu ba, masu shi sun san bikinsu bai cika ba. Ga gwal a wuya, ga mota da direba, amma da dariya aka fi saninta. In ta buɗe baki, haƙoran nan jajaye wur da goro da furen taba, sai mata su bar amarya su kewaye ta.

Da hawan jini ya kayar da ita, ni na koma gidanta jinya. Likita ya ce a daina goro. Ni kuwa in aka ba ni doka ban san sassauci ba. Na kwashe goron, na tuge furen da ke bayan ɗaki, har buroshi na saya ina goge mata safe da yamma. Da haƙora suka soma fari, wallahi alfahari nake yi.

Sai Inna ta daina magana. 'Yan dubiya su zo, ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa da ka. Kafin labari ya isa Kebbe wurin yayana, ya zama wai marinta nake yi, na fasa mata baki, don in gaje sarƙoƙinta. Ran kasuwa sai ga shi da matarsa, da katifa ɗaure a kan mota, ya zo ɗauke uwarsa daga hannun azzaluma. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta, kuma ni za a raba da ita.

Aka kira kawunmu ya yi shari'a. Ya ce Inna ta buɗe baki a ga raunin. Ta ƙi. Aka yi ta lallashi, ana haɗa ta da iyayenta, sannan ta sauke mayafin a hankali, ta yage leɓe. Matar yayana ta ɗauki salati.

Yaya ya dube ni ya ce, "Mi kinka yi ma haƙoran uwata?"

Inna ta ce, "Shekara sittin nika rina su. Ta maishe ni kamar wadda ba ta da kowa."

Rauni Yaya ya zo nema bai samu ba, amma tunda ya ƙona mai daga Kebbe, sai ya ce ai wannan ya fi mari muni. Kawu, da nasa goron cike da kunci, ya yanke cewa in koma in roƙi likita. In bai yarda ba, a tafi da ita. Likitan ya yi dariya har da buga tebur, ya ce ɗan ɓalli guda a rana ba zai kashe ta ba.

Fure kuwa sai da na je roƙo makwabta, ni da na tuge namu. Hannun Inna yana rawa tun faɗuwarta, don haka ni na zauna gabanta ina goga mata, tana gyara mini kamar sabuwar 'yar aiki. Ran na huɗu ta ce a kawo madubi. Ta daɗe tana dubawa, sai dariyar nan ta ɓarke har waje ana ji. Ta riƙe mini wuyan hannu gam, ta ce, "Ki ce ma na Kebbe shi kwance katifarshi. Wa za ya ga haƙorana can?"

Ita ce duk godiyar da na taɓa samu wurinta, kuma ta ishe ni.