Baba Wace Goben

Shekara talatin ya yi yana aikin kafinta, kuma duk wanda ya taɓa ba shi aiki zai shaide shi da abu biyu: hannunsa na da kyau, bakinsa kuwa ba ya rabuwa da "gobe". Da ya manyanta, sai cibiyar koyon sana'a ta ɗauke shi ya koya wa ɗalibai cika alkawari. Shugabar cibiyar ta ce sun duba ko'ina, ba su sami wanda ya fi shi sanin cutar ba.

Ajinsa babu zarto, babu guduma, daga allo sai kalanda. Da ɗalibi ya ce zai kawo aiki gobe, sai ya sauke tabarau ya ce, "Wace goben, ɗana? Ni ina da gobe sun fi dubu a ajiye, ko ɗaya ba ta waye ba." Daga nan sunan ya bi shi.

Ɗalibai suka yi ta gunaguni, wai sun zo koyon sana'a an zaunar da su karatun kalanda. Shugaba ta kira shi ofis. In masu shaguna ba su ɗauki kowa ba a wannan zangon, in ji ta, ajin zai koma ɗakin ajiyar katako.

Ranar gwaji mai wani babban shagon kayan ɗaki ya zo. Ya dafa wani teburi ya ce, "Yaushe zan sami irin wannan?"

"Gobe, ranka ya daɗe," in ji ɗalibi na farko.

"Yau ma in ka so," in ji na biyu.

Baba ya ji kamar ya shige ƙarƙashin benci. Saura wata ɗaliba shiru-shiru da ake ce wa Auta, wadda bai taɓa tabbatar tana sauraronsa ba.

Ta ce, "Alhamis da la'asar, Alhaji. Gam sai ya kwana kafin ya kama, fenti ma yana son yini biyu."

"In Talata nake so fa?"

"Sai dai ka nemi wani. Ni ba zan iya ba."

Alhaji ya dube ta, ya dubi Baba. "Rabon da ma'aikaci ya ce mini ba zai iya ba, har na manta. Ta fara ran Litinin. In kana da irinta, turo mini."

Aka nema wa katako wani ɗakin.

Da Baba ya koma gida yana ta fara'a, matarsa ta gama jin labarin tsaf, sannan ta nuna masa ƙofar kicin da ya cire don gyara tun babbar 'yarsu na rarrafe.

"Laraba da safe," ya ce, yana laluben tef ɗin awonsa.

"Wace Larabar, Malam?"

Ya tashi ya je ya duba kalanda.