Matar da Ta Samo wa Mijinta Dangi

A Hyattsville ta ƙasar Amurka, in aka ambaci Chundung, abu biyu ake faɗa: ba ta kuskuren jijiya in za ta ɗaura wa majinyaci ruwa, kuma ita ce ta je ta samo wa mijinta dangi.

Daga Bukuru ta zo a 1979, da takardar jinya da muciya. Aikin asibiti ya haɗa ta da Gregory, dogon Bature mai gyaran injin hoton ƙashi, mutumin da ke magana kamar sayen kalmomin yake yi. Suka yi aure, suka haifi Olive. Mahaifiyar Chundung, Ngo Kaneng, ta aiko da saƙo a kaset. Ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: mutumin nan ɗan gidan wa ne?

Gregory ya ce a Baltimore aka haife shi, iyayensa sun rasu. Kakansa Sigurdur kuwa, ya ji an ce daga Aislan ya fito, wani tsibiri mai ƙanƙara, ya yi noma a Dakota ta Arewa. Ya faɗi wannan yana shafa wa burodi man shanu, kamar ba asalinsa ake tambaya ba. Da amsar ta isa Bukuru, Ngo ta ce tsibiri ba gida ba ne, kuma ba za ta raɗa wa jikarta sunan gida ba sai ta san jinin wa take kira. Haka Olive ta kai shekara huɗu da suna ɗaya tal, abin da ke hana Chundung sakewa a duk taron suna.

Hutun 1986, Gregory ya kawo shawarar su yi doguwar tafiya a mota, suna kwana a tanti. Chundung ba ta taɓa gane dalilin da zai sa mai biyan haya ya kulle ɗakinsa ya je ya kwanta a ƙasa ba. Amma ta yarda, da sharaɗin motar ta nufi Dakota. Ta ɗauki acca, da rikoda, da zanen zumuntar matan coci.

Ranar Asabar suka isa ƙauyen da Sigurdur ya yi noma. Gregory ya nemo kabarin kakansa, ya ɗauki hoto, ya ce ziyara ta cika, saura kafa tanti a bakin rafi.

“Baban Olive, a garin kakanka za ka kwana a daji?”

Ya ce bai san kowa ba. Ta ce matattu kaɗai ya gaisar, su kuwa ba sa ba da masauki.

Da safe ta ɗaura zanen, ta tasa su gaba zuwa cocin garin. A cocinsu na gida, bayan sanarwa Fasto kan ce baƙi su miƙe a san su. Ta jira. Wannan Faston ya gama sanarwa ya wuce zuwa waƙa. Chundung ta ɗauka mantuwa ya yi, sai ta miƙe don ta taimaka masa.

“Salama a gare ku. Ni matarku ce. Wannan Gregory ne, ɗan Jon, ɗan Sigurdur. Ya daɗe bai zo gida ba, a yi masa haƙuri.”

Kunnuwan Gregory suka yi ja kamar tattasai. Can sai wata tsohuwa a layin gaba ta juyo da sandarta.

“Wane Sigurdur? Mai guntun yatsa ko mai bashin doki?”

Gregory ya tuna wani tsohon hoto, ya ce mai guntun yatsa. Tsohuwar ta ce ya yi sa'a. Sunanta Gudrun, kuma mahaifinta da Sigurdur uwa ɗaya uba ɗaya suke. Nan take ta fara jero kakanni, wani tsoho a baya yana yi mata gyara, ita tana ƙin gyaran, Fasto yana tsaye da littafin waƙa a buɗe. Ashe mutanen da ke rowar gaisuwa ba sa rowar asali.

A gidan Gudrun, Chundung ta durƙusa ta miƙa acca, sannan ta yi abin da ya wajaba kan wanda ya daɗe bai zo gida ba: ta yi ta'aziyyar duk wanda ya rasu a bayansu, ta fara da mijin tsohuwar. Ya haura shekara goma a kabari, an kuma daina ambatonsa. Gudrun ta goge ido, ta ce tururin kofi ne. Ta kawo musu wani nono mai kauri da kakanninsu suka zo da sirrinsa. Chundung ta ɗanɗana, ta tabbatar kindirmo ne, sai dai ya ga duniya.

Da tsohuwar ta ji inda suka kwana, sai ta ajiye cokali.

“Jikan Sigurdur a tanti? A garin nan?”

Chundung ta dubi mijinta ba ta ce komai ba. Har yau tana lissafa wannan shirun cikin manyan haƙurin da ta yi a zaman aure.

Kafin su juyo ta kunna rikoda, Gudrun ta maimaita kakannin daga farko, da gonar kowa da abin da ya kashe shi. Kaset ya cika, aka juya shi.

Aka aika wa Ngo kaset ɗin, amsarta ta iso Hyattsville a wani kaset dab da Kirsimeti. Ta ce ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma mutumin da sai an juya kaset kafin a gama kakanninsa ba a ce masa marar gida. Yarinya sunanta Kachollom. Daga ƙarshe ta yi gyaran murya, ta ce a gaida surukinta.

Chundung ta mayar da wurin baya ta sake kunnawa, ta ƙara murya yadda maƙwabta za su amfana. Tantin kuwa yana saman durowa. Duk shekara suna zuwa Dakota, amma a ɗaki suke kwana.